HOTO DA LABARI: HANYAR JIN ABIN DA KE DAMUN YARO

Idan yaro ya yi zazzaɓi, uwa ta kan sa hannu a goshinsa ta gane. Idan ƙaya ta soke shi, ɗingishi ya nuna. Amma akwai wani ciwo wanda ba ya sa jiki zafi, ba ya kuma fid da jini, watau ciwon damuwa. Shi a zuci ya ke zaune. Saurayi ko budurwa sai su yi wata da watanni suna fama da shi, ana ci tare, ana kwana gida ɗaya, ba wanda ya sani.

Kada a ce wannan cutar mutanen birni ce. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin kowane 7 yana da wani ciwo irin na tunani, damuwa da fargaba kuwa suna cikin waɗanda suka fi yawa. In an bi wannan lissafi, ƙauyen da ke da samari da 'yan mata 70, wajen 10 ke nan.

To, me ya sa ba su faɗa? Mun hore su da kunya, horo mai kyau kuwa. Ɗa ba ya kallon ƙwayar idon ubansa, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Yaron da ya tashi haka, in ka tsare shi ka ce, "Me ke damunka?" sai ya sunkuyad da kai ya ce, "Ba kome." Ba ƙarya ya shirya maka ba. Sau da yawa shi kansa bai san sunan abin ba, balle ya san ta inda zai fara. A nan ne hoto ya ke da amfani.

Inda aka samo dabarar

A shekarar 1992 waɗansu mata biyu masu binciken lafiyar jama'a, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba na'urar ɗaukar hoto ga matan ƙauye a lardin Yunnan na ƙasar Sin. Da yawa cikin matan nan ba su yi karatu ba. Aka ce kowace ta ɗauko zamanta na yau da kullum, sa'an nan a taru ta faɗi labarin hotonta. Sai ga hotunan jarirai ajiye a gona, uwayensu na can suna noma. Da aka nuna wa mahukunta, aka shirya wuraren renon yara, aka koyar da ungozomai, aka kuma taimaka wa 'yan mata da kuɗin makaranta. Abin da baki ya daɗe bai iya faɗa ba, hoto ya buɗe masa hanya. Tun daga nan ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa suka ɗauki dabarar, suna yin ta da samari da 'yan mata.

Yadda za a yi a gida

Wayar hannu ɗaya mai ɗaukar hoto ta isa, ba a kuma bukatar intanet. Ka ara wa yaron ita da yamma ɗaya a mako. Ka ce ya ɗauko abu uku: abin da ke faranta masa rai, da abin da ke ɓata masa rai, da abin da ya ke so ya sake.

In ya dawo, ku zauna a tabarma gefe da gefe, ba gaba da gaba ba. Nan asirin ya ke. Idonka na kan waya, nasa ma na kan waya, kunya ba ta sami wurin shiga ba. Tambaya biyu ta isa: "Mene ne wannan?" da "Me ya sa ka ɗauke shi?" Sa'an nan ka yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya ga manya, amma shi ne aikin.

A ce yarinya ta nuna hoton jakar makarantarta rataye a bango ta yi ƙura. Ko yaro ya nuna hanyar tasha, wadda wansa ya bi ya tafi ci-rani bai dawo ba. Ko turken da ba akuya, gama an sayar da ita ran da aka kai mahaifiyarsa asibiti. Kada ka yi dariya. Kada ka yanke shi da wa'azi, kada kuma ka ce, "Wannan ne abin damuwa?" Ka ce, "Na ji, ci gaba." In yau bai ce kome ba sai, "Turke ne," ka bar shi. Mako mai zuwa yana nan. Abin da ya gaya maka kuwa amana ne, ba na kai wa majalisa ko bakin rijiya ba.

Ba lalle sai uba ko uwa ba. Kaka ta fi kowa dacewa, tun da akwai wasa tsakaninta da jika. Tsohuwar da ke kiran yaro "maigidana", ai ba ya jin nauyin buɗe mata ciki. Kawu ko goggo ma sun yi.

Wani yaron ba ya iya cewa "ni". To, a bar shi ya ce "wani yaro ne", ko ya ɗora wa Gizo, kamar yadda a ke tatsuniya da dare. Kada ka tone shi. Faɗar ita kanta tana rage nauyi. A 1986 wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4. Cikin watannin da suka biyo, ba su je wurin likita kamar sauran ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin kaɗan ne, amma akwai shi. Gidan da ba waya kuwa, a ba yaro takarda da gawayi ya zana.

A yi hankali: kada yaro ya ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada ya ɗauki cikin gidan wani. Kada a sa hotunan nan a Facebook ko WhatsApp, gama hoton da ya fita ba ya dawowa. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai, ga rijiya, ga rumbu, ga kuka, duk suna da labari.

Lokacin zuwa asibiti

Hoto ba allura ba ne. Idan yaro ya wuce mako 2 cikin baƙin ciki, ba ya ci, ba ya barci, ya ƙaurace wa abokansa, ko ya fara shan ƙwayoyi, ku kai shi wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa. Ku ci gaba da addu'a, amma ku kai shi. Kada ku sa masa mari, kada ku doke shi. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Akwai manyan asibitocin wannan ciwo a Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri, ma'aikacin lafiya zai tura ku in ta kama.

Idan kuwa ya ambaci mutuwa, ko ya ce gara ba shi, ku tambaye shi a fili ko yana nufin ya hallaka kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kulle maganin ƙwari da na ɓera, ku kai shi asibiti a ran nan, ko da dare ne.