Me Ya Sa Allura Ta Daina Kama Ciwon Hantsa?

Wani makiyayi ya aiko mana da wasiƙa, ya ce hantsar saniyarsa ta kumbura, madarar tana fitowa da gudaji har da mugunya. Ya yi mata allurar penisilin da ya saba, amma shiru. Yana tambaya, shin maganin ne jabu?

To malam, jabu akwai shi a kasuwa, amma sau da yawa ba nan take ba. Ciwon hantsa ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, waɗanda ake kira bakteriya, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ta ƙofar kan nono suke shiga. Wasu daga kashin shanu da taɓon garke suke fitowa, wasu kuma hannun mai tatsa ke kai su daga saniya zuwa saniya. Mai taurin kan cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira Istafilokokus.

Ka san maraƙin Bunaji fari yake fitowa, na Rahaji kuma ja, domin gado. To su ma ƙwayoyin nan suna da nasu gadon, a rubuce cikin abin da masana ke kira DNA. In wuri ya yi musu daɗi, ƙwaya ɗaya takan rabe biyu cikin kamar rabin awa, kafin awa 10 ta haura miliyan 1, kowace da halin uwarta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A cikinsu akwai masu gadon wani sinadari da ke farfasa penisilin kafin ya taɓa su. In ka yi allura, raunana su mutu, waɗannan su tsira su cika hantsa. Bugu da ƙari, sukan ba juna guntun gado, wadda ba ta da shi ta samu daga maƙwabciyarta.

Abin ba yau ya fara ba. A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin, amma tun shekarun 1940 aka soma ganin ƙwayoyin da ba sa jin sa. Aka fito da metisilin a 1959, zuwa 1961 an samu masu bijire masa a Ingila. A 2011 kuma masana na Jami'ar Kambirij suka ba da rahoton wani sabon salo na wannan gado a madarar shanu a Ingila, da kuma jikin mutane a Birtaniya da Danmak. Ka ga ke nan abin ya shafi mai tatsa da mai sha.

To mene ne abin yi? Kada ka canki magani. Nemi likitan dabbobi, in da hali a kai madarar gwaji a ga maganin da ƙwayar ke ji. Irin wannan aiki ake yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom. Ka cika kwanakin da aka yanka maka ko da kumburi ya saɓe. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu, mara lafiya kuma ita ce ta ƙarshe a tatsa. Saniyar da ciwon ke dawo mata kullum, a ware ta, domin ƙwayar kan ɓuya cikin tsokar hantsa inda magani ba ya isa sosai.

Ku kuma iyayenmu mata masu tallar nono, kada a zuba madarar saniyar da ke kan allura a ƙwaryar sayarwa sai kwanakin da likita ya faɗa sun wuce. A tafasa madara kafin a kafa kindirmo. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya albarkaci garke. Sai mun ji daga gare ku.