Ƙaurace wa cin nama

Ƙaurace wa cin nama, wanda ake kuma kira cin ganyayyaki, tsarin cin abinci ne da mutum yake barin naman dabbobi da na tsuntsaye da kifi da gangan, ya dogara da hatsi, dangin wake, ganyaye, 'ya'yan itatuwa da gyaɗa. Wasu na yin haka saboda addini, wasu don tausayin dabbobi, wasu don lafiya ko kare muhalli. Masu suka kuma suna kafa hujja da sinadaran da jiki ke buƙata, da halin talauci, da rayuwar makiyaya. Wanda bai cin nama don ba shi da kuɗin saye ba ya cikin wannan rukuni, domin tsarin zaɓi ne.

Ire-irensa

Mafi yawan masu wannan tsari a Turai da Amurka suna barin nama da kifi amma suna shan madara, suna cin ƙwai. A Indiya an fi samun masu shan madara da cin man shanu amma ba sa cin ƙwai. Akwai kuma masu cin tsirrai zalla, waɗanda suke barin duk abin da ya fito daga dabba, har madara, ƙwai da zuma, kuma da yawansu ba sa sanya takalmin fata ko rigar ulu. Masu cin kifi su bar sauran nama, da masu rage nama ba tare da sun daina ba, suna kusa da tsarin amma ba a lissafa su a ciki.

Tarihi

Al'adar ta fi daɗewa a Indiya, inda take da alaƙa da aƙidar ahimsa, wato kauce wa cutar da duk wani mai rai. Mabiya addinin Jain ne suka fi tsanantawa: bayan nama da ƙwai, da yawansu ba sa cin albasa, tafarnuwa da dankali, domin tono su na kashe tsiron da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Ashoka ya sa an sassaƙa a jikin duwatsu cewa ya rage yankan dabbobi a ɗakin girkin fadarsa. A yau dokar Indiya ta wajabta sanya alamar koren ɗigo a kan abincin gwangwani ko na leda da babu nama a cikinsa.

A tsohuwar Girka ana danganta barin nama ga Fisagoras da almajiransa. A ƙasashen Larabawa, mawaƙi Abul Ala al-Ma'arri (973–1057) na ƙasar Sham ya bar nama, madara, ƙwai da zuma, har ya yi musayar wasiƙu a kan haka da wani babban malamin daular Faɗimiyya da ke Alƙahira.

A 1847 aka kafa ƙungiyar Vegetarian Society a garin Ramsgate na Ingila. A 1944 Donald Watson da wasu abokansa da suka daina shan madara suka kafa Vegan Society, kuma a wurinsu kalmar vegan ta samo asali.

Dalilan masu goyon baya

Addini

Ban da addinan Indiya, cocin Seventh-day Adventist yana ƙarfafa mabiyansa su bar nama. Kiristocin Orthodox na Habasha da Kibɗawan Masar suna barin nama, madara da ƙwai a ranakun azuminsu, ciki har da Laraba da Juma'a na yawancin makonni. Da yawa daga 'yan Rastafari na Jamaika ma suna cin abincin da suke kira ital, wanda babu nama a cikinsa.

Tausayin dabbobi

Hujjar ita ce dabba na jin zafi da tsoro, don haka bai dace a wahalar da ita ba idan mutum zai iya rayuwa ba tare da namanta ba. Littafin Animal Liberation na Peter Singer, ɗan Ostareliya, da ya fito a 1975, ya yaɗa wannan ra'ayi sosai. A 1983 Tom Regan na Amurka ya ƙara da cewa dabbobi na da haƙƙin rayuwa na kansu.

Abin da waɗannan marubuta suka fi suka shi ne kiwon masana'antu. Kowace shekara ana yanka dabbobi da tsuntsaye sama da biliyan 70 a duniya, mafi yawansu kaji ne, kuma da yawa suna rayuwa a cunkushe ba tare da ganin rana ba. A gonakin ƙwai ana kashe 'yan tsaki maza tun ranar ƙyanƙyasa don ba za su yi ƙwai ba, a gonakin madara kuma ana raba maraƙi da uwarsa da wuri. Wannan ne ya sa masu cin tsirrai zalla suke ganin barin nama kaɗai bai wadatar ba. Matsin lamba ya kawo sauyin dokoki a wasu wurare: Tarayyar Turai ta hana ƙananan kejin kaji na da tun 2012, Jamus kuma ta hana kashe 'yan tsaki maza daga 2022.

Muhalli

A rahotonta na 2013, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya wadda ɗan Adam ke haddasawa. Babban ɓangare na wannan iskar metan ce, wadda shanu, tumaki da awaki ke fitarwa ta gyatsa yayin tuƙa. A Burazil, buɗe filayen kiwon shanu ne babban dalilin sare dajin Amazon, kuma mafi yawan waken suya da ake nomawa a duniya dabbobi ake ciyarwa da shi.

A 2018 Joseph Poore da Thomas Nemecek sun wallafa nazarin bayanan gonaki kimanin 38,700 a ƙasashe 119. Sun gano cewa nama, madara, ƙwai da kifin kiwo na cin kimanin kashi 83 cikin 100 na filayen noma da kiwo na duniya, alhali suna samar da kashi 18 na kuzarin da mutane ke samu daga abinci da kashi 37 na furotin. Dalili shi ne dabba na ƙone mafi yawan abin da ta ci wajen motsi da ɗumama jikinta, kaɗan ne ke zama nama.

Lafiya

A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri, hayaƙi ko sinadarai, irin su sosej, cikin abubuwan da ke jawo sankara. Ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa ta ce mai yiwuwa yana jawo ta. Binciken da Jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya ta fara a 2002 a kan 'yan cocin Adventist kimanin 96,000 ya nuna cewa masu barin nama sun fi ƙarancin ƙiba, hawan jini da ciwon sukari.

Dalilan masu suka

Sinadaran jiki

Babbar matsalar ita ce bitamin B12, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini da kula da jijiyoyi. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi, kuma a abinci ana samun sa a nama, hanta, kifi, ƙwai da madara. Babu tsiron da za a dogara da shi don samun sa. Hanta na ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai iya daɗewa yana jin kansa lafiya kafin alamu su fito: kasala, ƙarancin jini, jin mutuwar hannu da ƙafa, da mantuwa. Idan aka makara, lalacewar jijiya ba ta warkewa gaba ɗaya. Jaririn da ke shan nonon uwar da ta rasa B12 ya fi kowa shiga haɗari. A kan wannan babu saɓani: ƙungiyoyin masu cin tsirrai zalla su ma suna umartar mambobinsu su sha ƙwayar B12 ko su ci abincin da aka ƙara wa shi.

Sinadarin ƙarfe da na zinki suna nan a wake da hatsi, amma hanji bai tsotse su kamar yadda yake tsotse na nama, saboda wani sinadari mai suna fitet da ke ɗaure su. Jiƙa hatsi, barin sa ya yi tsami ko ya tsiro na rage fitet. Haɗa abincin da lemun tsami, tumatir ko gwaiba na ƙara tsotsar ƙarfe, shan shayi tare da abinci kuma na rage ta. Wanda ya bar madara da kifi yana kuma bukatar lura da kalsiyam, aidin da kitsen omega-3. Furotin bai cika zama matsala ba ga wanda ke haɗa hatsi da wake yana kuma cin ya ƙoshi.

Binciken EPIC-Oxford na Birtaniya ya bi mutane sama da 48,000 na kimanin shekaru 18. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna masu barin nama sun fi ƙarancin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 22 cikin 100, amma sun fi yawan shanyewar ɓarin jiki da kashi 20. A 2020 binciken ya nuna masu cin tsirrai zalla sun fi yawan karaya, musamman a ƙugu. Irin waɗannan bincike ba sa tabbatar da cewa abincin ne kaɗai sanadi, domin masu barin nama a waɗannan ƙasashe galibi ba sa shan taba, kuma sun fi motsa jiki.

Hukumomi sun sha bamban a kan yara. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce tsarin da aka shirya da kyau ya dace da kowane mataki na rayuwa. A wannan shekarar takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba da shawarar cin tsirrai zalla ga masu ciki, masu shayarwa, jarirai da yara ba.

Talauci da ƙarancin abinci

Shawarar rage nama ta taso ne a ƙasashen da ake cin sa fiye da kima. Inda yara ke rayuwa a kan hatsi ko rogo kusan kullum, ɗan nama, ƙwai ko madara na cike giɓi mai girma, domin cikin yaro ƙarami ne, kuma waɗannan abinci na ɗauke da sinadarai masu yawa a loma kaɗan. A wani gwaji da aka yi a makarantun firamare 12 na yankin Embu a Kenya, yaran da aka ƙara wa nama a abincin makaranta sun fi sauran ci gaba a gwajin basira. A 2019 kwamitin EAT-Lancet ya ba da tsarin abinci mai yawan tsirrai da jan nama kimanin giram 14 a rana, amma wani nazari da ya biyo baya ya nuna cewa mutane sama da biliyan 1.5 ba za su iya sayen sa ba, domin 'ya'yan itatuwa, ganyaye, madara da makamantansu na da tsada.

Kiwo da filin da ba ya nomuwa

Kusan kashi biyu cikin uku na filayen da ake lissafawa na noma a duniya filin kiwo ne, kuma da yawansa ya yi bushewa, sanyi ko duwatsun da ba zai yi hatsi ba. A irin waɗannan wurare dabba ce ke mai da ciyawa ta zama abincin mutum. Wani nazarin masanan FAO na 2017 ya nuna cewa kashi 86 cikin 100 na abin da dabbobin kiwo ke ci abu ne da mutum ba ya ci, kamar ciyawa, kara, harawa da dusa. Ga Fulani da Buzaye a yankin Sahel, da Masai na Kenya da Tanzaniya, da makiyayan Mongoliya, dabba ita ce abinci, jari da asusun ranar buƙata. Ga ƙaramin manomi kuma tana ba da taki, tana jan garma da amalanke. Masu goyon baya suna amsawa da cewa irin wannan kiwo ba zai iya samar da yawan naman da biranen duniya ke ci a yau ba.

Matsayin Musulunci

Alƙur'ani ya halatta naman dabbobin ni'ima, kuma yanka na cikin ibadu kamar layya, hadaya da ragon suna. Shari'a ta kuma yi umarni da kyautata wa dabba: a wasa wuƙa, kada a wahalar da abin yanka, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Malamai na ganin babu laifi mutum ya bar nama don lafiya ko don ransa bai so, muddin bai ɗauke shi haramun ba, kuma bai mai da barin sa ibada ba.

A ƙasar Hausa

Barin nama da gangan ba al'ada ba ce a ƙasar Hausa, inda nama ke nuna wadata da karrama baƙo. Duk da haka abincin yau da kullum na gidaje da yawa tsirrai ne: tuwo da miyar kuka mai daddawa, shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai, alala, awara, dambu, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Wake, gyaɗa da waken suya na ba da furotin, amma babu ɗayansu da ke ba da B12. Wannan sai daga fura da nono, ƙwai, kifi ko nama.

Inda aka fi samun daidaito

Duk da saɓanin, akwai abubuwan da yawancin masana suka yarda da su. Baligi mai lafiya da ke da halin sayen abinci iri-iri zai iya rayuwa ba nama, idan ya kula da B12. Rage jan nama da naman da aka sarrafa a ƙasashe masu arziki zai amfani lafiya da muhalli. Yara ƙanana da masu ciki a yankunan da ake fama da tamowa kuwa sun fi buƙatar ƙarin madara, ƙwai da nama. Tambayar da ta rage ita ce ko ya halatta a kashe dabba don ci alhali akwai madadi, kuma amsarta na komawa ga addini da aƙidar kowane mutum.

Duba kuma

Bitamin B12
Tamowa
Sauyin yanayi
Kiwo
Waken suya