Hujin kunne da na hanci: Aikin yana bayan an zare allura

Duk wadda ke zaman kasuwa a garin Diffa ta san yadda teburin masu ƴan kunne ke cika idan salla ta gabato ko biki ya taso. Uwa na son a huda wa jaririyarta, budurwa na son ƙarin huji na biyu da na uku don ta sa barima, wata kuma hanci take so, domin kuwa ɗan hanci tsohon ado ne a wurin Barebari da Larabawa da Tubawa na wannan jiha. Hujin kansa bai kai minti ɗaya ba. To amma abin da da yawa ba mu ɗauka da muhimmanci ba shi ne, daga wannan minti mace tana ɗauke da buɗaɗɗen ciwo ne, kuma da shi za ta koma rumfa, ta ƙirga kuɗi, ta auna kaya, ta sha ƙura har magariba.

Tattausan wurin nan na ƙasan kunne yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya warke. Hanci ya fi haka, wata 2 zuwa 4, wani lokaci har ya zarce. Saman kunne kuwa, inda guringuntsi yake, shi ne mai wuyar sha'ani, don jini ba ya isa wurin sosai, yana iya cin wata 6 har shekara guda. Sau da yawa bakin hujin yakan bushe cikin kwana goma, mace ta ga kamar an gama, ta cire zare ta zura sabon ɗan kunne, alhali cikin ramin ɗanye ne sharaf. Nan ne akasarin matsala ke farawa.

Mu a nan bakin Komadugu muna da namu ƙarin. Lokacin da ake tsinkar tattasai ana shanya shi ana ɗurawa a buhu, shi ne kuma lokacin hunturu da ƙurarsa. Wadda ta wuni a kasuwar tattasai ko wajen niƙa, hannunta da mayafinta duk gari ne, kuma sabon huji akwai ƙaiƙayi. Hannu ya kai kunne sau ashirin ba ta sani ba. Yajin zafi kawai zai yi mata, amma dattin da ke tare da shi, da na tsofaffin takardun sefa da naira da ke yawo hannu zuwa hannu, shi ke sa wuri ya yi mugunya. Sai kuma kogin kansa. Wanka ko wanki a Komadugu, ko a tabkunan da yake bari idan ya janye, ba na mai sabon huji ba ne. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa a irin wannan ruwa wadda idan ta kama guringuntsi takan cinye shi, kunne ya lanƙwashe ya tsuke har abada.

Jinyar kanta ba ta da tsada. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin. A tafasa ruwa kofi guda, a zuba gishiri kwatan ƙaramin cokalin shayi, a bar shi ya huce, a jiƙa auduga mai tsabta a goge gaba da baya safe da yamma, sannan a tsane wurin ya bushe. A riƙa haɗa sabo kullum. Mai hali ta sayi ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi cikin ƴan robobi. Shi ke nan fa. Toka, kananzir, man goge baki, kwalli, bagaruwa, duk babu su a ciki. Har alkol ɗin da muka saba gani, ƙona sabuwar fata yake yi ya jinkirta warkewa. A da ana cewa a riƙa juya ɗan kunne ko a ja zaren gaba da baya kada ya manne, yanzu masana sun bar wannan shawara, domin kowane juyi yana ɓare naman da ya fara haɗewa ne. A kula da ɗaurin kallabi da hijabi kada su riƙa fizgar wurin, kada a kwanta a kan ɓangaren, kuma a ɗaga wa kitso da man gashi ƙafa daga bakin kunne.

Ɗan ja da ɗan kumburi da farin ruwa mai bushewa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ta fito ruwan ɗorawa ko kore tana wari, kaluluwa ta taso, ko zazzaɓi ya shigo, to a nufi CSI mafi kusa ran nan, musamman idan saman kunne ne ko jaririya ce. Kada a yi gaggawar cire ɗan kunnen a gida, don bakin yana iya rufewa ya kulle mugunyar a ciki. A bar ma'aikacin lafiya ya yanke.

Maganar allura kuwa ba ta da sassauci. Allura ɗaya, mutum ɗaya, sabuwa daga cikin ledarta. Haka reza ko askar wanzami ga masu jarfa da tsaga, waɗanda su ma jinyarsu ɗaya ce: wanki da sabulu, ba susa, ba ɓare ɓawo. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ma ba ya gani, kuma yaron da ya kamu yana jariri shi ya fi zama da ita tsawon rai. Layin yara biyar a jajibirin salla ana bin su da allura ɗaya da zare ɗaya, wannan ba taimako ba ne. Bindigar huji ta roba ma ba ta wankuwa yadda ya kamata, kuma murƙushe guringuntsi take yi.

Ga iyaye masu huda wa jarirai, al'adarmu tana da gaskiyarta. Wani ƙaramin bincike da mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga a 2005 ya nuna cewa tabon nan mai tudu da ke tsirowa a kunne kamar ƙwallon goriba ya fi fitowa ga waɗanda aka huda bayan sun kai shekara 11. Ashe kakanni ba su yi kuskure ba da suka fi son huji tun ana ƙanana. Inda nake ganin a gyara shi ne gaggawar yi kafin suna. Tun 2008 Nijar ta shigar da allurar Penta, wadda ta haɗa da rigakafin tetanos da na ciwon hanta, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14. Mene ne laifin a jira yarinya ta karɓe su? Kunnen ba zai gudu ba. Budurwar da aka san danginta da irin wannan tabo kuwa, gara ta haƙura da ƙarin huji, domin ko an yanke shi a asibiti yakan dawo, wani lokaci ya fi na farko girma.

Saura ku ƴan uwa masu tebur. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a sabon huji ta fi nuna halinta. Yawancin ƴan kunnen da ke walƙiya kamar zinari ƙarfe ne aka shafe, a cikinsa akwai wani sinadari da ake kira nikel, wanda jikin mata da yawa ba ya ɗauka. Da zufa ta wanke shafen sai ƙaiƙayi da ƙuraje da tsattsafar ruwa, a yi ta shan maganin da ba na wurin ba, kuma jikin da ya ƙi nikel sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. Ga sabon huji, zinari na gaske ko irin ƙarfen da ake kayan aikin likita da shi ya fi, mara nauyi, mai ɗan tsawo yadda kumburi zai samu wuri. Idan mai saye ta ce jiya aka huda, ku sayar mata da na fashin ɗin ta ajiye a adaka, ku gaya mata sai bayan wata biyu.