Idan Ɗan Haya Ya Rasu, Me Ke Kan Mai Gida?

Kowace shekara in an gama girbi, mutanen karkara kan tafi cirani birane kamar Kano, Kaduna da Zariya. Da yawa kan kama ɗakin haya. Wani lokaci ajali kan riski mutum a can, danginsa na ƙauye, kayansa kuwa na cikin gidan wani.

Kayan nan ba na mai gida ba ne. Da zarar rai ya fita, duk abin da mamaci ya bari, ko tabarma ce, ko keke, ko kuɗi, ya zama dukiyar gado. A hannun mai gida amana ce kawai. Saboda haka sai ya kira mai unguwa ko liman, tare da shaidu biyu. A gabansu za a ƙirga kayan, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sannan a kulle ɗakin, a aika wa dangi.

Idan ya tsare kayan yadda ya kamata, sai gobara ta cinye su ko ɓarawo ya fasa ɗakin, ba zai biya ba. Amma in ya yi sakaci, ko ya ɗauki keken yana hawa har ya lalace, biya ya hau kansa.

Inda aka fi samun rigima shi ne kuɗin haya. Wani mai gidan kan sayar da rediyo ko katifar mamaci, ya ce yana binsa kuɗin wata uku. Wannan ba daidai ba ne, ko da bashin gaskiya ne. A shari'ar Musulunci, daga dukiyar mamaci ake fara cire kuɗin likkafani da jana'iza. Sai a biya bashi. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage shi magada ke rabawa. Kuɗin haya bashi ne, don haka za a biya shi kafin rabon gado. Sai dai mai gida zai kawo rasit ko shaidu gaban magada. In sun musa, ya tafi wurin alƙali.

Idan kuma mamacin ya biya kuɗin shekara, ya rasu bayan wata huɗu fa? A mazhabar Malikiyya mutuwa ba ta warware haya. Sauran wata takwas hakkin magada ne. Ba a korar matarsa da 'ya'yansa, ba a kuma watsa kayansu waje. In an daidaita a saki ɗakin, sai a mayar musu da ragowar kuɗin.

Kada mai gida ya miƙa kayan ga duk wanda ya zo ya ce shi ƙanin mamaci ne. Ya nemi shaida daga dagacin garinsu ko takardar kotu. Idan an yi cigiya ba a sami kowa ba, sai ya kai maganar kotu, alƙali ya faɗi inda za a ajiye kayan.