Abin da ya kamata ku sani game da binciken noma a Samaru

Duk manomin da ya sayi iri ya ga an rubuta SAMMAZ, SAMSORG, SAMNUT ko SAMPEA a jikin leda, da Samaru yake hulɗa, ko da bai taɓa taka Zariya ba. Masara ce da dawa da gyaɗa da wake waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta. Tun 1922 ake gwaje-gwajen noma a wurin, kuma a 1962 aka haɗe cibiyar da Jami'ar Ahmadu Bello. Gero da alkama kuwa, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke riƙe da su.

Sai dai raya karkara ya wuce fitar da iri. Shekara da shekaru masana na yi wa manomi huɗubar ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya, layi-layi, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a fili guda. Aka ce duhun kai ne. A tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a jami'ar suka ɗauki ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka sa ma'aikata suna bin magidanta a kai a kai har shekara ta zagayo. Wa ya je gona yau? Awa nawa ya yi? Nawa aka biya ɗan ƙwadago? Dami nawa aka kai rumbu?

Da aka tara lissafi, sai ga shi manomin ne ke da gaskiya. Abin da ya fi ƙaranci a gidansa shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tsere da shuka, kowa yana ta kansa. Haɗa shuka ya fi ba shi amfani a kan kowace awa ta wannan matsin, kuma idan ruwa ya ɗauke dawa ta gaza, gero ya riga ya shiga rumbu. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka sa masu bincike a ƙasashe da dama suka koma gwaji a gonar manomi, da fartanyarsa da ɗan takin da aljihunsa zai iya. A ganina, babu wani iri da Samaru ta fitar da ya kai wannan darasi daraja.

Ta fuskar koyarwa, ɗalibin digirin noma shekara biyar yake yi, ɗaya daga ciki a gona, kuma akwai sashen da ke koyar da wayar da kan manoma da zamantakewar karkara. A nan Samarun ne kuma cibiyar NAERLS take, mai juya sakamakon bincike zuwa ƙasidu da shirye-shiryen rediyo, har da na Hausa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin jami'a da ƙauye. Malamin gona ne gadar, shi ne ginshiƙin shirye-shiryen raya noma da aka buɗe a Funtuwa da Gusau da Gombe a shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya. Da kuɗin ya janye, malaman suka yi ta ritaya ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Ɗauki waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda aka sauya ƙwayar halittarsa don ya jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Yana rage feshi, amma bai hana sauran ƙwari ba, kuma har yanzu ana muhawara kan irin wannan fasaha. Bayanin da ya kamata malamin gona ya zauna ya yi ke nan, amma a ƙauyuka da yawa mai shagon magani a kasuwa ne ke yin sa, alhali shi maganin feshin yake son sayarwa.