Matsalar Kalmar "Biri" Wajen Koyar da Asalin Ɗan'adam

Daga cikin batutuwan kimiyyar halittu da ke ba malamai wuya in za su bayyana su da Hausa akwai dangantakar ɗan'adam da manyan birai. Akasarin ɗalibai kan shigo aji da jimlar nan ta "mutum daga biri ya fito", alhali kuwa masana ba haka suka ce ba. Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1871, wanda binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa daga baya, shi ne mutum da chimpanzi tushensu ɗaya; binciken da ya biyo baya ne ya nuna sun rabu kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Ke nan dangantakar irin ta 'yan'uwan da suka haɗa kaka ce, babu wanda ya haifi wani.

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshe yake. Hausa kan kira jan biri da bika da gorila duka da sunan biri, amma masana sun raba su gida biyu: masu wutsiya da marasa wutsiya. A rukuni na biyu ne ake samun chimpanzi da bonobo da gorila da orangutan, kuma nan kimiyya ta sanya ɗan'adam saboda kamancin ƙashi da ƙwayoyin gado. Muddin littafin karatu bai bambance rukunan nan ba, ɗalibi zai ɗauka birin da ke ɓarna a gona ake nufi.

Har ila yau, hujjojin ba su yi nisa da mu ba. A 2001 aka tono ƙoƙon kan Toumaï a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi, mai kimanin shekaru miliyan 7. A 1974 aka gano ƙasusuwan Lucy a Habasha, masu shekaru miliyan 3.2. A Nijeriya kuwa, akwai chimpanzi a gandun dajin Gashaka-Gumti, da gorila a dazukan jihar Kuros Riba.

Saboda haka, ya kamata masu tsara manhaja su tsayar da keɓaɓɓiyar kalma guda, kamar "birai marasa wutsiya", a yi amfani da ita a dukkan littattafai. Malami kuma ya gabatar da darasin a matsayin bayanin kimiyya da hujjojinsa, ta yadda ɗalibi zai san ainihin abin da aka faɗa kafin ya auna shi.