Daga Sakandare Zuwa Sashen Lissafi

Ɗalibin da ya gama sakandare yana sha'awar karanta lissafi a jami'ar Najeriya sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da lissafi da Turanci, sannan ya zauna jarrabawar JAMB. Digirin shekara huɗu ne. A gida kuwa, sau da yawa an fi so ya nemi likitanci.

Abin da ke jiransa a jami'a ya sha bamban da na sakandare. Can ana ba shi ƙa'ida ya fitar da amsa. Nan hujja ake nema. Kowa ya san mara biyu idan aka haɗa su cika suke bayarwa, kamar 3 da 5 su ba da 8. Malamin jami'a zai ce a tabbatar haka yake ga kowace lamba, har wadda ba a taɓa rubutawa ba. A nan zumuɗin wasu ke sanyi, na wasu kuma ya ƙaru.

Fagen ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.